Yadda Cikin Motata Ya Koma Tukunyar Miya

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan kamfanin da ya sayar mini da a-kori-kura, a babban ofishinsa da ke Kano.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da bangirma, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatanka manya da ƙanana, har da mai gadin reshenku na Yerwa, wanda shi kaɗai ya rage a kamfaninku da ke amsa mini sallama bai duba agogo ba. In ka tambayi tamu lafiyar, ni da uwar 'ya'yana da yara bakwai muna nan da rai, alhamdu lillahi. Mota ce ba lafiya, kuma a gidana in mota ta kwanta, kowa ya kwanta.

Ban rubuta sunan kamfaninku ba domin mai jarida ya ce ba ya son shari'a, ni ma ba na so, don ban taɓa ganin talaka ya shiga kotu da riga biyu ya fito da su duka ba. Amma ka san kanka, mutanen Yerwa ma sun san ka. Na aiko maka da takardu ta gidan waya ban ji amsa ba, shi ya sa na fito da maganar fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka a kulob.

Sunana Mamman, ana ce mini Ɗan Gumel, ina zaune a unguwar Hausari. Karatuna bai kai ya kawo ba. Na yi aji biyu a elementare, malaminmu ya duba kaina ya ce ya fi dacewa da gammo. Da girmana na ƙarasa a ajin yaƙi da jahilci, aka ba ni takardar shaida cewa an yi yaƙin, ba a dai faɗi wanda ya ci ba. Saboda haka in ka ga harafi ya karkace, ka yi haƙuri. Maganar da ke ciki ba ta karkace ba.

Sana'ata ɗaukar bandar kifi daga Baga zuwa Yerwa. Ba ni da kifin, ba ni da tafkin, mota kawai nake da ita. Kayan da nake ɗauka na baƙin Ba Bukar ne, fatoman da ke saukar da fataken kifi yana kuma nema musu mota. Al'adarsa, da zarar ruwan farko ya sauka hanyar Baga ta fara jiƙa, sai ya tara direbobinsa a zaure, a ci goro, a ɗaure maganar wanda zai yi masa dakon rani mai zuwa. Wanda motarsa ba ta tsaye a ƙofar zauren a ranar, ba a lissafa shi. Ya riƙe mini gurbina tun watan Fabrairu saboda mutunci, yana hayar wani na wucin gadi, ya kuma faɗa mini a gaban mutane cewa iyakar abin da zai iya ke nan. Yanzu muna cikin Mayu. Hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar. In ruwan nan ya riga motata zuwa ƙofar Ba Bukar, abincin mutum tara ya tafi, ba na wata ɗaya ba, na dindindin, don akwai masu sababbin motoci da ke tsugune suna jiran in faɗi. Wannan shi ne abin da ke gabana. Ga yadda kamfaninku ya kawo ni nan.

Na farko. Shekara uku da suka wuce na sayi motar a reshenku na Yerwa a kan fam ɗari uku da goma. Tsohuwar motar mai saya muku ƙiraga da ƙaro ce. Akawun da ya sayar mini ya buga bonet da tafin hannu ya ce injin nan kamar sabo yake. Ban musa ba, kuma gaskiya ta yi mini rani uku ba ta ba ni kunya ba, a hanyar da raƙumi ma sai ya yi tunani kafin ya bi. A Fabrairun bana, ina dawowa da kaya, mun wuce Gajiram kaɗan, sai na ji cikinta yana ƙwanƙwasa kamar maƙeri ya tare a ciki. Hayaƙi ya turnuƙe, ta yi tari biyu ta tsaya. Wata babbar mota ce ta jawo mu gari da igiya, ina zaune a kan sitiyari ina gaisawa da mutane kamar ni nake tuƙi.

Akwai fitoci masu gyaran mota a gindin darbejiya a bakin tasha, da na kai musu da yanzu wani labarin ake. Amma na ce a'a, ni mutum ne mai takardar shaida, mota ta kamfani sai garejin kamfani. Wannan wayewar ce ta kai ni ta baro. Aka kwance injin, aka ce fistan biyu sun ci wuta, zobba sun kakkarye, yashi ya cinye sauran, sai an sake duka shidan. Na biya fam huɗu da sule goma kuɗin kwancewa, aka ba ni rasit mai tambari.

Na biyu. Akawun sito ya kwafi lambar injin, ya buɗe wani littafi mai kauri kamar matashin kai, ya ce fistan shida da zobbansu fam ashirin da ɗaya ne, a biya tukuna a yi oda daga Ikko. Na sayar da sa guda da nake kiwo a bayan gida na biya. Injiniyanku Bature ya sa hannu a kan odar. Aka ce mini mako biyu. Ranka ya daɗe, ban san irin makon da ake amfani da shi a kamfaninku ba, amma namu na Yerwa kwana bakwai ne. Sai cikin Afrilu kayan suka iso.

Ranar da suka iso na yi wanka na sa rigar Juma'a. Babban fitanku da hannunsa ya yanke igiyar akwatin, ya ware takardar giris ɗin da aka naɗe fistan ɗin, ya ɗauki ɗaya ya zura a ramin silinda. Sai ya wuce sululu ya faɗa ƙasa da ƙara. Ya sa na biyu, ya yi rawa a ciki kamar taɓarya a bakin rijiya. Ya tsaya ya sosa ƙeya, can sai ya ce ai kuwa ya tuna, injin nan an taɓa ƙwaƙule ramukansa an faɗaɗa su, tun motar tana hannun kamfani, a zamanin injiniyan da ya gabata. Fistan irin na asali ba zai ƙara zama a ciki ba har abada, sai mai ƙiba.

Wato kamfaninku ne ya faɗaɗa ramin. Kamfaninku ne ya sayar mini bai faɗa ba. Kamfaninku ne ya yi odar abin da ba zai shiga ba. Da na kwashi fistan ɗin na koma sito in mayar, akawu ya nuna mini wani allo a bango ya karanta mini da Turanci, ya fassara da Hausa, ya ƙara da Barbarci don kada wani harshe ya ji an bar shi: kayan da aka ware daga takardar giris ba a karɓarsu. Na ce masa ba ni na ware ba, fitanku ne, ga shi can tsaye. Ya ce allon bai ce wa ya ware ba. Ina tambayarka, ranka ya daɗe, ta yaya ake gwada fistan a rami yana cikin takarda? Ko takalmi ne sai mutum ya sa ƙafa. Yanzu haka fistan shida sababbi fil suna ƙarƙashin gadona, su ne abin da ya fi komai tsada a ɗakin, har da mai ɗakin.

Na uku, kuma nan ne zuciyata take tafasa. Na haɗiye na ce to, a yi odar masu ƙibar. Akawu ya ce masu ƙiba kashi-kashi ne, akwai mai ƙiba kaɗan, da na tsakiya, da babba, da wanda ya fi babba, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai kai kaurin farce ba. Ba zai yi oda da ka ba. Amma abu mai sauƙi ne, in ji shi, don ana buga lambar girman a saman kan tsohon fistan. In kawo masa guda ɗaya, a kankare baƙin hayaƙin da ya rufe kan, a karanta.

Na ruga gareji da murna. Aka duba bayan mota, aka duba ƙarƙashin benci, aka duba kwandon ƙarafa. Babu. Kowa ya sunkuyar da kai yana neman abu a aljihunsa. Mai gadi ne ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da kowa a garejin ya sani ban da ni. Ashe al'ada ce tun kafuwar garejin: duk wani tsohon sanholo da aka cire daga mota, farin ƙarfen nan mara nauyi da ake yin fistan da shi, na leburorin gareji ne. Ran Juma'a da safe sukan zuba a buhu su kai wa masu narkar da tukwane a bayan Kasuwar Litinin, su raba kuɗin su sayi goron masallaci. Nawa sun tafi tun Juma'ar farko da aka kwance injin, da baƙin hayaƙinsu da lambarsu, ba wanda ya kankare ya duba.

Na bi sawu har rumfar wani maƙeri, Modu, na same shi yana zuba narkakken ƙarfe a cikin ƙasar zubi. Ya yi mini wushe-wushe, maraba da Barbarci, ya ba ni tabarma. Da na kwatanta masa kayan sai fuskarsa ta washe, ya ce ya tuna su sarai, ai bana bai sami ƙarfe mai kyan nasu ba, Allah ya yi wa motata albarka. Tukwane uku suka fitar da 'yan ludaya. Biyu wata mata ta Dikwa ta saya, ɗaya ta rage, ga ta can a rataye.

Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba, na ɗauko tukunyar na kifa ta ina duba gindinta ko lambar ta tsira. Babban mutum, mai 'ya'ya bakwai, a tsakiyar kasuwa, yana karatun gindin tukunya. Modu ya bar ni na gama, sannan ya ce sule bakwai ce, amma tunda ni ne mai mamacin, in ba da shida. Na saya. Me zan yi? Ba na bar cikin motata ya tafi Dikwa gaba ɗaya ba. Da na kai gida na ba uwar 'ya'yana Yagana labari, ta juya tukunyar ta ƙwanƙwasa, ta ce shekara uku sai yau motar nan ta kawo mata abin da ba ya ƙarnin kifi. Da ta ɗora miya ta ga ta yi saurin tafasa, ta ce ba mamaki, da ma can injin ya iya tafasa.

Muna dariya a gida don kada mu yi kuka a gaban yara. Amma a nan ba dariya nake ba. Ba na ƙarar leburori, kuma ina roƙonka kada ka kori kowa saboda wannan takarda. Na san abin da ake biyansu, in ba su sayar da tsohon ƙarfe ba iska za su ci. Ƙarata a kan kamfani take. Fistan ɗin nan nawa ne, da kuɗina na saye su haɗe da mota. Ba a tambaye ni ba, ba a faɗa mini ba. Kuma gida ɗaya ne: ƙofar gabas tana cewa kawo tsohon fistan, ƙofar yamma tana sayar da shi ran Juma'a, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ce wa ɗaya ga abin da ɗayar take yi. Irina nawa aka yi wa haka suka haɗiye?

Na huɗu. Na koma na ce wa babban fita, to tsohon fistan ya zama tukunya, amma ramin yana nan, bai je kasuwa ba. A auna ramin mana. Ya ce ƙwarai, akwai ma'auni na musamman da ke auna abin da ido ba ya gani, aikin ɗan lokaci ne, kafin shayi ya huce an gama. Na ce bismilla. Ya ce ma'aunin yana cikin kabad ɗin injiniya. Na ce a buɗe. Ya ce a kulle yake. Na ce a kira injiniya. Ya ce ya tafi hutu ƙasarsu tun Maris, da makullin a aljihunsa, sai bayan damina zai dawo.

Na je wurin manajan reshe. Na yi zaman benci har majinyatan asibiti sun fi ni ganin likita da wuri. Da na samu shiga, ya saurare ni da kyau, mutum ne mai fara'a, ya ce ya tausaya mini ƙwarai, amma ba shi da ikon buɗe kabad ɗin injiniya, sashensu daban. Na ce a buga wa injiniyan waya a nemi izini. Ya ce ba a damun Bature in yana hutu. Na ce to a ba ni gangar injin in ɗora a amalanke in kai wani garejin da ke da ma'auni, don na riga na yi magana da su sun ce in kawo. Ya ce mota ko wani yanki nata ba ya fita daga harabar kamfani sai an rufe aikin, kuma injiniya ne ke sa hannu a rufe. Na ce to su zo da nasu ma'aunin su auna a nan. Ya ce ba a shigo da fitan waje cikin gareji. Da na miƙe zan fita sai ya tuna mini, cikin ladabi, cewa motar da ta wuce wata ɗaya a gareji ana biya mata sule ɗaya kullum kuɗin kwana.

Kun kulle ta, kun tafi da makulli Ingila, kuna kuma karɓar kuɗin masauki a hannuna. Ko gidan yari ba a cajin fursuna kuɗin ɗaki. Ga shi kajin mai gadi sun mai da kujerar direba wurin ƙwai, su ba a ce su biya ba.

Na ga kabad ɗin nan da idona ta taga. Na zaci zan ga akwatin ƙarfe irin na baitulmali. Katako ne, ranka ya daɗe, katakon da gara ta fara ɗanɗanawa, da ɗan kwaɗo irin wanda mata ke sa wa adudu. Ɗan autana in ya yi fushi zai iya ɓalle shi. Manya-manyan mutane masu albashi, masu wando da kwat, suna wucewa ta gabansa a hankali kamar kabarin waliyyi.

Kada ka ce ban yi ƙoƙarin kaina ba. Na roƙi mai gadi ya bar ni na shiga da tsinken tsintsiya, na gitta shi a bakin ramin, na karya daidai, na naɗe a hula na kai wa Okoro, wani mutumin Gabas mai sayar da kayan mota a kasuwa. Ya karɓi tsinken da hannu biyu, ya dube shi, ya dube ni, ya tambaya ko sakace na kawo masa. Ya zazzage mini buhun fistan a ƙasa, sababbi da tsofaffi, muka yi ta gwadawa, tsinken ya dace da kowanne, har da na injin niƙa. Ya ce maigida, ba a auna wannan abu da tsintsiya, ka kawo mini lamba, ko ta bakin yaro ce, ɗan'uwana a Jos zai sa a mota ta iso cikin mako. Na je juji biyu inda ake zubar da matattun motoci. Na aika saƙo har Fort Lamy, can tsallaken iyaka, ta hannun wani direba. Kowa amsarsa ɗaya: wane girma? Kayan suna nan a duniya, ranka ya daɗe, har an ce mini a sitonku na Kano kowane girma akwai shi a kan kanta. Lamba ɗaya ce ta tsaya tsakanina da su, lambar kuma tana ramin injina, ma'aunin yana ɗakin da ke kusa da shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Na biyar. Wannan ba lissafin kuɗi ba ne, amma ka ji shi. Yanzu a tasha nake wuni ina yi wa motocin wasu kiran fasinja, ana ba ni abin da aka ga dama. Yaran da na koya wa riƙe sitiyari su ke miƙo mini sisi ta taga suna kawar da kai don kada mu haɗa ido. 'Yata ta uku, Falmata, malaminsu ya tambayi kowa sana'ar ubansa, ta ce ubanta yana zuwa gaida mota. Ba ƙarya ta yi ba. Kullum da safe nakan biya in leƙa ta ta shinge, bonet a buɗe, ciki wayam, kamar ragon da aka feɗe aka manta da shi. Babban ɗana yana makarantar midil, shi ne nake fatan zai yi karatun da kaina ya ƙi ɗauka. A bayan motar nan karatunsa yake tafiya. In na rasa gurbina a wurin Ba Bukar, sai ya dawo mu yi kiran fasinja tare, murya biyu.

Kuma ina so in yi tambaya ɗaya, ba don rashin kunya ba. Da motar wani babban ma'aikaci ce ko ta wani ɗan majalisa take kwance a garejin nan, kwaɗon nan zai kwana? Ni da kai mun san amsa. Da tuni an ɓalle shi, an kuma ba wanda ya ɓalle tukwici. An ce mana mun sami mulkin kai, na kuwa yi rawa ranar har hulata ta ɓace. Ban san cewa akwai kabad ɗaya a Yerwa da mulkin kan bai kai gare shi ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo, kuma haƙƙina nake roƙo, ba sadaka ba.

Ɗaya, ka buga waya zuwa reshenku na Yerwa, yau ba gobe ba, ka ba da izini a buɗe kabad ɗin a auna ramin injina.

Biyu, a karɓi fistan shidan da ke ƙarƙashin gadona a musanya mini da masu girman da ya dace daga sitonku na Kano, a sa a motar farko mai zuwa Yerwa. Takardar giris ɗin ma tana nan na adana, in ita ce abin ƙauna sai a sake naɗe su.

Uku, a soke kuɗin kwana. Ba ni na kwantar da ita ba.

Huɗu, a kafa doka a garejinku cewa duk abin da aka cire daga motar mutum a ajiye masa har ya zo ya gani. In ya ce ya yafe, leburori su kai kasuwa da albarkarsa. Kuma duk motar da kuka taɓa faɗaɗa wa rami, ku faɗa wa mai saye, ko ku buga a jikin injin inda ba a narkarwa.

Ban nemi kuɗin san nan nawa da na sayar ba, ban nemi ladan ranin da ya wuce ni ba. Waɗannan na bar wa Allah. Abin da ya rage a ceta shi nake so a ceta.

Na san za a ce maka matsalar ita ce wa zai ɗauki alhakin karya dukiyar kamfani. To na ɗauka. Jiya na shiga kasuwa na sayi sabon kwaɗo na sule biyu, ya fi na kabad ɗin girma da ƙwari, mai kanti ya rantse ɓarawo sai ya yi gumi. Na damƙa shi a hannun mai gadinku da makullansa biyu, ɗaya na injiniya in ya dawo lafiya, ɗaya kuma a bar shi a Yerwa, inda motocin suke. Babban fita ya ce yana da guduma, kuma hannunsa lafiya lau. Kalma ɗaya daga bakinka suke jira. In ta zo cikin makon nan, ya ce zai haɗa injin ko da zai kwana a kansa, ni kuma in kai ta ƙofar Ba Bukar ko da tura ta zan yi da yara bakwai. In ta zo bayan ruwa, kada ka wahalar da mai buga waya, ka bar kuɗin a aljihun kamfani.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka girma da lafiya, ya shirya maka zuriya. Allah ya dawo da injiniyanku gida lafiya da aljihunsa. Allah ya kiyaye ka da ranar da abincin 'ya'yanka zai zama a bayan ƙofar da kowa ke tsoron taɓawa. Manoma suna roƙon ruwa, ni ma ɗan manoma ne, ba zan roƙi Allah ya hana su ba. Kai nake roƙo ka riga shi.

Wassalam, na gaishe ka gaisuwar mai jira.

Ni ne naka,
Mamman Ɗan Gumel,
Unguwar Hausari, Yerwa.